Jagora Ga Al'umma Kan Zaɓen Motar Da Za Ta Ja Ƙaramar Tirela

Gabatarwa

Duk mai bin hanyoyin karkara, musamman a ranakun kasuwa da lokacin kaka, yakan ci karo da mota tana jan ƙaramar tirela mai taya biyu ko huɗu. Wata tana ɗauke da tankin ruwa, wata janareta, wata buhunan hatsi ko na takin zamani, wata kuma rumfuna da kujerun taro. A ƙasashen Turai da Amurka an fi sanin irin wannan tirela a matsayin ɗakin kwana mai taya, wanda iyali ke ja a bayan mota idan za su tafi hutu. A nan wajenmu kuwa buƙatar aiki ce ta fi kawo ta: manomi yana son kai amfanin gona kasuwa, ƙungiyar ci gaban gari tana son ɗebo ruwa, ƙaramar hukuma kuma tana son tura ma'aikatan lafiya ko malaman gona zuwa ƙauyuka masu nisa tare da tantuna da kayan kwana.

An shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara, da masu unguwanni da dagatai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda alhakin sayen motocin aiki ya rataya a wuyansu. Abu ɗaya muke so mai karatu ya riƙe: kusan kowace mota tana iya jan tirela ta motsa, amma ba kowace ba ce ke iya tsayar da ita, ko ta riƙe ta a kan hanya idan ta fara lilo. Saboda haka zaɓen mota yana farawa ne daga sanin nauyin tirela da kayan da za a ɗora mata. Kyan mota da farashinta suna zuwa ne daga baya.

Mataki na farko: sanin nauyin tirela

Tirela tana da nauyi iri biyu. Akwai nauyinta lokacin da babu komai a cikinta, akwai kuma nauyinta bayan an gama lodi. Na biyun shi ne wanda mota za ta ja, don haka da shi ake lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi mai sayarwa nauyin tirela, ya faɗi na farkon, a sayi mota a kan wannan adadi, sannan a zo a cika tirelar da kaya.

Ga wasu ma'aunai da za su taimaka wajen lissafi:

1. Lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1. Tanki mai cin lita 1,000 yana ɗauke da tan 1 na ruwa, ban da nauyin tankin kansa.
2. Buhun takin zamani ko na siminti kilo 50 ne. Buhu 20 sun zama tan 1.
3. Babban buhun masara ko na dawa yakan kai kimanin kilo 100. Buhu 10 sun zama tan 1.
4. Jarkar fetur mai lita 25 tana kusan kilo 20, ta dizal kuma ta ɗan ɗara haka.

Tirelar da aka ƙera a masana'anta takan zo da ɗan faifan ƙarfe a wuyanta, wanda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Wadda mai walda ya haɗa a gari ba ta da irin wannan faifai, don haka wajibi ne a kai ta wurin sikelin auna motoci, irin wanda ake samu a manyan rumbunan hatsi da masana'antu, a auna ta sau biyu: babu kaya, da kuma cike da irin kayan da aka saba ɗora mata.

Misali

A ɗauka wata ƙaramar hukuma za ta tura ayarin ma'aikatan lafiya, mutum biyar har da direba, zuwa mazaɓa mai nisa inda za su kwana uku. Tirelar da za ta ɗauki kayansu tana da nauyin kilo 450. Za a ɗora mata tankin ruwa mai lita 400, wanda shi da ruwansa suka kai kilo 420. Janareta mai kilo 90. Jarkar fetur uku, kilo 60. Tantuna da katifu da tabarmi, kilo 110. Abinci da tukwane da tukunyar gas, kilo 120. Sai tebura da bencina da sauran kayan aiki, kilo 100. Idan aka haɗa, jimla ta kama kilo 1,350. Tirelar da aka ce kilo 450 ce ta ninka nauyinta sau uku.

Haka lamarin yake ga manomi. Tirela mai kilo 400 da buhun masara 10 sun zama kilo 1,400, nauyin da ya kai ko ya zarce na ƙaramar motar haya ita kanta.

Mataki na biyu: sanin abin da mota za ta iya ja

Kowane kamfani yana ƙayyade nauyin da motarsa za ta ja, kuma ana samun wannan adadi a littafin jagora da ke zuwa tare da mota. Yawanci ana rubuta adadi biyu: ɗaya na tirela mai birkin kanta, ɗaya na marar birki. Akwai kuma ƙananan motocin da kamfanoninsu suka hana a ja komai da su.

Da yake mafi yawan motocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, sau da yawa littafin ya ɓace tun kafin motar ta iso. A irin wannan hali sai a duba jikin motar.

Motar da aka shigo da ita daga Turai tana da faifai ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji, mai ɗauke da lambar shasi da adadi huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Na biyu shi ne iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Na uku da na huɗu su ne iyakar nauyin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka. Idan aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin nauyin tirela mai birki da motar za ta iya ja. Alal misali, idan na farko ya nuna 2,000, na biyu kuma 3,400, to motar ba za ta wuce kilo 1,400 ba. Idan gurbin adadi na biyu babu komai, alama ce cewa ba a amince a ja tirela da motar ba.

Motar da ta fito daga Amurka kuwa, takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba tana nuna iyakar nauyin motar a ƙarƙashin haruffan GVWR, amma nauyin da za ta ja sai a littafinta ko a wurin dillalin kamfanin. A lura cewa Amurkawa suna awo da laba, wadda ake rubutawa da haruffan lb. Kilo 1 ya yi daidai da laba 2.2, don haka motar da aka rubuta mata 2,000 lb, kilo 907 kawai za ta ja. Wanda ya ɗauki wannan adadi a matsayin kilo zai ɗora wa motarsa fiye da ninkin abin da aka yarda da shi.

Ba a so a cika wannan iyaka har baki. Shawarar da ta dace ita ce a bar rarar kashi ɗaya cikin biyar, saboda zafi da munin hanya da kuma tsufan mota. A misalinmu na tirela mai kilo 1,350, motar da za a nema ita ce wadda aka rubuta mata aƙalla kilo 1,700.

Nauyin motar kanta ma abin dubawa ne. Ƙungiyoyin masu jan ɗakunan kwana a Birtaniya sun daɗe suna ba sabon direba shawarar kada nauyin tirela ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke janta lokacin da babu kaya a cikinta. Dalili shi ne, idan tirela ta fi mota nauyi, ita ce za ta riƙa juya motar a kwana da gangara. Bisa wannan ma'auni, tirela mai kilo 1,350 tana buƙatar motar da ta kai kusan kilo 1,600.

Mataki na uku: nauyin wuya da kayan cikin mota

Wani ɓangare na nauyin tirela yana sauka a kan ƙugiyar da ke bayan mota. Shi ake kira nauyin wuya. Kamfanonin Turai sukan so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirela, na Amurka kuma tsakanin kashi 10 zuwa 15. Idan ya yi kaɗan, tirela takan yi lilo da zarar an ƙara gudu. Idan ya yi yawa, bayan mota yakan zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu kuma su riƙa haska sama suna kashe wa masu tahowa ido.

Wannan nauyi yana cikin kayan da mota ke ɗauka, daidai da fasinja. A misalin da ya gabata, mutum biyar za su kai kimanin kilo 350, jakunkunansu kilo 75, akwatunan sanyi na magani kilo 60, nauyin wuya kuma kusan kilo 120. Jimla kilo 605 ke nan. Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum biyar yawanci ba ta wuce kilo 400 zuwa 500 na mutane da kaya gaba ɗaya. Ashe ko da injinta zai iya jan tirelar, bayanta ba zai ɗauki nauyin ba. A-kori-kura mai gida biyu ita ce ta dace da wannan aiki.

Mataki na huɗu: birki

An tsara birkin kowace mota ne domin ya tsayar da ita da kayanta. Idan aka ƙara mata tan ɗaya a baya, tazarar da take buƙata kafin ta tsaya tana ƙaruwa sosai, birkin kuma yana saurin yin zafi har ya daina kamawa. A ƙasashen Turai ba a yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, a Birtaniya kuma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Wannan ne ya sa ko manyan motoci ba a rubuta musu fiye da 750 idan tirelar ba ta da birki. Wasu samfurorin Toyota Hilux masu amfani da dizal da aka ƙera daga shekarar 2015 an amince su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birki. Idan babu, iyakarsu kilo 750.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin akasarin tirelolin da ake haɗawa a gari ana yin su ne da ƙafar bayan tsohuwar mota, ba tare da an haɗa birki ba. Irin wannan tirela, komai girman motar da ke janta, bai kamata nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 a kan tirela marar birki ya riga ya ƙetare iyaka tun kafin a lissafa ƙarfen tirelar.

Birkin ƙananan tireloli iri biyu ne. Na Turai yana aiki da kansa: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo wuyanta gaba, wannan turin ne ke kama birkin. Na Amurka galibi na lantarki ne, kuma ba ya aiki sai an sanya wata 'yar na'ura a cikin mota wadda ke aika masa da umarni. Duk wanda ya sayi tirelar Amurka bai sanya wannan na'ura ba, to tirela marar birki yake ja.

Ire-iren motoci da abin da ya dace da su

1. Ƙananan motoci masu ja da tayoyin gaba, irin su Golf da Corolla. Waɗannan sun dace ne da tirela mai sauƙin nauyi a kan kwalta. Idan nauyi ya danne bayansu, tayoyin gaba sukan rasa kamun ƙasa, motar ta kasa hawa tudu ko ta kafe a yashi.

2. Motocin iyali masu kujeru bakwai, irin su Sharan da Sienna. Sun fi ƙananan motoci nauyi da tsawo, amma idan an cika kujerunsu da mutane, ɗan abin da ya rage musu na ɗaukar nauyin wuya kaɗan ne. Cikinsu kuma yana kusa da ƙasa.

3. A-kori-kura da jif masu shasi, irin su Hilux da Land Cruiser. Suna da ƙashin ƙarfe tun daga gaba har baya, wanda ake ɗaure ƙugiya a jikinsa, suna kuma ja da tayoyin baya ko da duka huɗun. Su ne suka fi dacewa da hanyar burji da tirelar da ta haura tan ɗaya.

4. Tsofaffin motoci masu ja da baya, kamar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, kuma kamfanin PAN ya fara haɗa irinta a Kaduna a shekarar 1975. Tsarinsu ya dace da ja, amma shekaru sun ci ƙarfen da yawa daga cikinsu. Kafin a ɗaura musu ƙugiya sai an duba tsatsa da tsagewa a ƙarƙashinsu.

5. Tarakta. Idan aikin na kwasar amfanin gona ne daga fadama zuwa gari, ko jan babban tankin ruwa a ɗan gajeren zango, tarakta ta fi kowace mota. Sai dai ba a yi ta domin doguwar tafiya a babban titi ba, kuma tirelarta tana buƙatar fitila da abin ƙyalli a baya idan dare zai same ta a hanya.

Babur da Keke NAPEP ba a ƙera su domin jan tirela ba. Ana kira ga jama'a da su guji yi musu ƙari.

Yanayin ƙasa da na hanya

Adadin da kamfanoni ke rubutawa an gwada shi ne a kan kwalta mai kyau. A Turai ana tabbatar da cewa mota za ta iya tashi daga tsaye da tirelarta a kan hawa mai tsinin kashi 12 cikin 100. Hanyoyin karkara suna da nasu matsalolin da wannan gwaji bai ƙunsa ba.

Na farko shi ne zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Nguru da Maiduguri. Injin da ke jan nauyi a hankali cikin irin wannan zafi ba ya samun isasshiyar iskar da za ta sanyaya lagireto. Don haka a tabbatar lagireto ba ya yoyo, fanka tana aiki, kuma agogon zafi da ke gaban direba yana nuna gaskiya. A lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe matatar iska, inji ya rasa ƙarfi.

Na biyu shi ne ƙasa. Yashin jigawa, da taɓon fadama, da baƙar lakar firgi ta yankin Tafkin Chadi duk suna kafe mota da damina ko da rani. Inda hanyar aiki ta bi ta irin waɗannan wurare, a zaɓi mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke da giyar ƙarfi da direbobi ke kira ogzilari. A duba kuma tsayin cikin tirela daga ƙasa, domin babu amfanin mota ta haye kwazazzabo tirelarta ta maƙale. Gargada da ramuka suna kwance noti, suna karya sifirin, don haka rage gudu a kansu wajibi ne.

Na uku shi ne tudu. Injin da ba shi da tabo yana rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 1,000, saboda ƙarancin iska. Birnin Jos yana kan tsayin kusan mita 1,200, tsaunin Mambila kuma ya ɗara haka. Mai niyyar bin Hawan Kibo da tirela ya rage kaya tun daga gida, kuma ya sauko gangarar da ƙaramar giya maimakon ya dogara da birki kaɗai.

Inji da giya

Abin da jan kaya ke buƙata shi ne injin da ke ba da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, kuma a nan injin dizal ya fi na fetur. Amma kafin a yanke shawara a duba abu biyu: ko akwai bakanike da kayan gyaran irin wannan inji a kusa, da kuma ingancin man da ake samu a yankin, domin sababbin injinan dizal ba sa jure gurɓataccen mai. Kowace mota tana ƙara shan mai idan tana ja, kuma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama abin sanyawa a lissafi.

Mota mai giyar hannu tana da sauƙin gyara a karkara, sai dai yawan tashi da nauyi yana cinye kuloci. Mai giyar otomatik ta fi sauƙin tashi a hawa, amma man giyarta yana yin zafi, kuma gyaranta yana da tsada. Idan za a riƙa ja da ita kullum, a sa bakanike ya ƙara mata abin sanyaya man giya.

Ƙugiya, sarƙa da fitilu

Ana ɗaure ƙugiya da noti masu ƙarfi a jikin shasi, ko a wuraren da kamfani ya tanada a ƙarƙashin mota. Ba a yi mata walda a jikin bamba, ba a kuma amfani da 'yar ƙugiyar da aka tanada domin janyo motar da ta lalace. Ƙugiya ita ma tana da nata iyakar nauyi, wanda ake bugawa a jikinta. Tsakanin mota da ƙugiya da tirela, wadda ta fi ƙarancin adadi ita ce iyakar duka ukun.

Ƙwallon ƙarfen da wuyan tirela ke hawa kansa ba girmansa ɗaya ba. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka kuwa akwai mai milimita 47.6, da mai 50.8, da wanda ya fi su girma. A ido kusan ɗaya suke, amma idan aka ɗora bakin tirela mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo, rami ɗaya ya isa ya fizge ta. Da yake motocinmu da tirelolinmu suna zuwa daga ɓangarorin biyu, a karanta lambar da ke jikin kowanne kafin a haɗa su.

A ɗaura sarƙa biyu daga tirela zuwa shasin mota, a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, yadda idan ƙugiya ta kwance za su tallafe wuyan kada ya caki ƙasa. Igiya ko waya ba sa maye gurbin sarƙa. Fitilar birki da sigina da fitilar dare dole ne su yi aiki a bayan tirela, tare da jan abin ƙyalli. Idan tirela ta fi mota faɗi, a ƙara wa madubai tsawo.

Tayoyi

A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna nauyin da za ta ɗauka. Lamba 91 tana nufin kilo 615, lamba 95 kilo 690, lamba 100 kuma kilo 800. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana gargaɗi kan amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Tayar tirela takan daɗe a ajiye cikin rana har ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba, don haka a riƙa duba ta. A tanadi safaya taya ta tirela daban, a kuma riƙa sanya wa boris giris kafin damina da bayanta.

Doka da takardu

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma ita da jami'an duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, suna da hurumin tsayar da motar da aka yi wa lodi fiye da kima ko wadda ba ta da fitilu. Lasisin tuƙi aji-aji ne: ajin F na tarakta ne da injinan noma, ajin G kuma na manyan motoci masu jan tirela. Kafin a fara aiki, direba ya je ofishin lasisi ya tabbatar ajin da ke hannunsa ya ba shi damar jan tirela, a kuma yi wa tirelar rajista. A sanar da kamfanin inshora cewa motar za ta riƙa ja.

Kundin ƙa'idojin hanya na ƙasa ya ƙayyade wa tankoki da tireloli gudun kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Mai jan ƙaramar tirela zai yi wa kansa adalci idan bai wuce wannan ba. Idan haɗari ya auku, lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122.

Jan hankali ga jami'an ƙananan hukumomi

1. A rubuta nauyin tirela cike da kaya, da yawan ma'aikatan da za su shiga mota, da irin hanyar da za a bi, kafin a nemi 'yan kwangila su kawo farashi.
2. A buƙaci mai kawo mota ya gabatar da takardar kamfani mai nuna nauyin da za ta ja, mai birki da marar birki.
3. A sanya ƙugiya da soket ɗin fitila da birkin tirela a cikin kwangila ɗaya da motar.
4. A rubuta iyakar nauyi da fenti a jikin tirela, da Hausa, a kuma fassara shi zuwa yawan buhuna ko litoci yadda masu lodi za su gane.
5. A keɓe direba ɗaya ko biyu, a ba su horo kan ja da baya da kwana da saukar gangara.
6. Kada a ba da aron tirela ga wanda ba a duba motarsa ba.

Lodi da tuƙi

Mota mai kyau ba ta gyara mugun lodi. A sanya kimanin kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau. Tankin ruwa ko dai a cika shi ko a bar shi babu komai, domin rabin tanki yana tangaɗi yana tura mota. A ninka tazarar da ake bari tsakanin mota da ta gaba, a kuma buɗe kwana domin tayoyin tirela suna yanke ta ciki. Idan tirela ta fara lilo, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birki da ƙarfi, har gudu ya ragu. Daga nan ya tsaya ya gyara lodi. Bayan tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake duba ƙugiya da igiyoyi da zafin tayoyi.

Ko da wane dalili, kada a ɗauki mutum a cikin tirela, ko zuwa kasuwa, ko biki, ko jana'iza. Ba ta da abin da zai kāre mutum idan ta kife ko ta kwance. Ana roƙon masu unguwanni da dagatai da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga jama'arsu.

Kammalawa

Kafin a biya kuɗin mota, a samu amsar tambayoyi huɗu: nawa ne nauyin tirela bayan lodi, nawa kamfani ya amince motar ta ja, shin tirelar tana da birki, kuma wace irin hanya za a bi. Idan adadin bai yi daidai ba, a rage kaya a yi sawu biyu, ko a nemi motar da ta fi ƙarfi. Kuɗin man sawu na biyu bai kai na gyaran giya ba, balle asarar rai. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin VIO, ko ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra mafi kusa da shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.